Sunan Macpherson: daga ina ya fito, kuma duk mai amsa shi ɗan dangi ne?

Sagir:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Duk wanda ya yi tarihi a sakandare ya haddace Tsarin Mulkin Macpherson na 1951, wanda aka raɗa wa sunan Gwamna Sir John Macpherson. Tambayata a kan sunan take. An ce sunan wani dangi ne a Sikotlan masu shugabansu da tambarinsu. Mene ne asalinsa? Kuma duk mai amsa shi, daga gwamnan nan har alƙalin da ya binciki kisan Stephen Lawrence a Landan, kakansu ɗaya ne?

Malam Tanimu:
Wa alaikumus salam. Sunan daga harshen Gelik ya fito, yaren mutanen tsaunukan arewacin Sikotlan. Asalinsa Mac a' Phearsain. Mac shi ne ɗa, pearsan kuma limamin coci mai riƙe da gunduma guda. Ɗan liman ke nan. Abin da ya sa ake rubuta ph amma a furta f, a nahawun Gelik idan suna ya zo a matsayin mai mallaka, harafinsa na farko yakan sassauta, sai p ta koma f. Mace kuwa a Gelik ba ta amsa Mac, Nic a' Phearsain ake ce mata. Turanci ne ya zuba maza da mata a kwando ɗaya.

Amsar tambayarka ta biyu, a'a. Ɗauki Ɗanliman a wurinmu: kowane gari da limaminsa, don haka Ɗanliman na Gumel da na Maraɗi ba lallai su haɗa kaka ba. Babban gidan da aka fi sani shi ne na Badenoch, a kwarin kogin Spey, wajajen Kingussie da Newtonmore da Laggan. Amma a ƙarni na 14 da na 15 akwai wasu Macpherson a Glassary ta ƙasar Argyll waɗanda reshen dangin Campbell ne. Akwai kuma na tsibirin Skye, da suka zauna a ƙarƙashin MacDonald na Sleat.

Hajiya Binta:
Allah ya gafarta malam, akwai abin da ya ɗaure min kai. Kafin 1560 Sikotlan duk Katolika ce, limaman Katolika kuma ba sa aure. To ɗan liman daga ina?

Malam Tanimu:
Hajiya, riwayar dangin ta riga ta tanadi amsarki. Suka ce wani Muireach ne limamin Kingussie. Da wansa ya rasu bai bar magaji ba, shugabancin dangi ya faɗo kansa, sai ya nemi izinin Fafaroma a 1173, ya auri 'yar hakimin Cawdor. Shi ya sa a Gelik dangin ke kiran kansu Clann Mhuirich, 'ya'yan Muireach. Ɗansa Ewan Ban ya haifi maza uku, Kenneth da John da Gillies, kuma daga su rassa uku suka fito: Cluny, Pitmain, Invereshie. Reshen Cluny ne ke riƙe da shugabanci.

Dakta Isa:
Malam Tanimu ya faɗi riwayar daidai yadda ake faɗarta, amma a ɗan yi mata lissafi. In Muireach ya yi aure a 1173, a ce an haifi Ewan Ban wajen 1180, 'ya'yansa uku kuma wajen 1210. To riwayar nan dai ita ce ke sa waɗannan 'yan'uwa uku a zamanin Sarki Robert Bruce, wanda ya yi mulki daga 1306 zuwa 1329, har ma ta kai Kenneth yaƙin Invernahavon a ƙarshen ƙarni na 14. Mutumin da aka haifa a 1210 ba ya jan runduna a 1370. Ko dai shekarar 1173 ƙagagga ce, ko kuma an tsallake kakanni huɗu ko biyar.

Kada a manta cewa nasabar da aka fi dogara da ita, Sir Aeneas Macpherson na Invereshie ne ya tattara ta a farkon ƙarni na 18, kuma shi ɗan gaba-gaba ne a rigimar shugabanci da dangin Mackintosh. Yana da buƙatar kakansa ya zama babba. A kan kakannin kusa da zamaninsa, da wa ya auri wa, aikinsa abin dogaro ne ƙwarai. Can sama ne ake taka-tsantsan.

Masu bincike na zamani sun fi karkata ga wani Duncan, limamin Laggan a ƙarni na 15, a matsayin wanda laƙabin ya fara bin zuri'arsa. Kuma mai riƙe da wannan muƙami ba lallai ya zama cikakken limami ba. Yakan yiwu mutum ne da aka damƙa wa karɓar ushurin gunduma, shi kuma ya ɗauki wani ya riƙa jan ibada. Irin wannan ba abin da ya hana shi aure.

Hajiya Binta:
To ashe izinin Fafaroman ma ba a buƙatarsa.

Dakta Isa:
Ko kusa, Hajiya. Dubi sunayen yankin kawai. MacTaggart ɗan limamin coci ne, MacNab ɗan shugaban gidan sufaye, MacVicar ɗan na'ibin liman. A tsaunukan nan muƙaman coci sun daɗe suna bin gado a gida ɗaya, dokar Roma tana takarda, rayuwa tana wani wuri. Labarin izini daga baya aka ɗinka shi don a rufa wa kaka asiri.

Malam Tanimu:
Ban ƙi lissafin Dakta ba, amma kada a zubar da riwayar gaba ɗaya. Sunan Clann Mhuirich tsoho ne, ya riga Macpherson, kuma dangi ba sa amsa sunan mutumin da bai taɓa rayuwa ba. Shekarar ce abin tuhuma. Shi Muireach yana nan.

Abin da ya fi muhimmanci ga tambayar Sagir shi ne Clan Chattan. Wannan haɗaka ce ta dangogi: Mackintosh, Macpherson, Davidson, Shaw, MacBean, MacGillivray, Farquharson da sauransu. A 1291 Eva, magajiyar tsohon gidan Chattan, ta auri Angus Mackintosh, shugabancin haɗakar ya koma gidan mijinta. Macpherson suka ce ai shugabanci ta wajen maza yake bi, kuma su ne jinin maza na tsohon gidan. Wannan ƙorafi suka yi ta ja har ƙarni huɗu.

A Invernahavon, wanda wasu ke sa wa 1370 wasu 1386, mutanen Cameron sun kawo hari. Mackintosh ya ba Davidson ɓangaren dama na runduna, wurin da ake ɗauka na girma. Macpherson suka yi fushi, suka ja gefe suna kallo ana karkashe Davidson, sai daga baya suka bi Cameron suka fatattake su. A 1396 kuma aka yi gumurzun nan na North Inch a garin Perth, mutum 30 da mutum 30 a gaban Sarki Robert na Uku. An ce 11 suka rage a ɓangaren da ya yi nasara, ɗaya tak a ɗaya ɓangaren, shi ma da iyo ya tsallake kogin Tay. Chattan na ciki, amma har gobe masana na jayayya kan su wa suka kara da su.

Alhaji Ɗanjuma:
Bari in ɗora daga nan, don rigimar a kotu ta ƙare. A Sikotlan akwai alƙalin tambura, Lord Lyon, kuma kotunsa tana zama har yau a Edinbara. A 1672, shekarar da doka ta kafa rajistar tambura, Duncan Macpherson na Cluny ya yi wuf ya yi rajistar nasa a matsayin shugaban Chattan baki ɗaya. Mackintosh ya kai ƙara, aka karɓe wancan, aka ba shi wani a matsayin shugaban Macpherson kaɗai. Akwai kuma hannun gidan Gordon, masu sarautar Huntly, waɗanda ƙasar Badenoch take hannunsu tun tsakiyar ƙarni na 15. Rabuwar kan Chattan riba ce gare su, don haka suka riƙa zuga Cluny.

Daga nan sai abin da masu shaguna ba sa faɗa wa 'yan yawon buɗe ido. Babu wani abu wai tambarin iyalin Macpherson. Tambari na mutum ɗaya ne, ɗansa magaji ya gada, ƙannen kuma sai sun je an yi musu nasu da ɗan bambanci. Wanda ya ɗauki na shugaba ya manna a ƙofarsa a Sikotlan ya karya doka. Abin da ɗan dangi ke da ikon sawa shi ne bajo: kyanwar daji da ke saman tambarin shugaba, kewaye da ɗamara mai maɗauri, taken dangi a rubuce a kan ɗamarar. Gashin gaggafa a hula ma da ƙa'idarsa: uku na shugaba, biyu na shugaban reshe, ɗaya na mai tambarin kansa.

Sagir:
Ranka ya daɗe, yadin nan mai gida-gida fa da maza ke ɗaurawa? Ba shi ne shaidar dangi ba?

Alhaji Ɗanjuma:
Yadin tsoho ne, amma ware wa kowane dangi zanensa sabon abu ne. An hana sa tufafin tsaunuka da dokar 1746, aka ɗage a 1782. Raba zane-zanen ga dangogi ya kankama ne a farkon ƙarni na 19, da hannun masaƙar Wilson ta Bannockburn, ya ƙara ƙarfi da ziyarar Sarki George na Huɗu a Edinbara a 1822. Yau kowa na iya saye ya ɗaura, ba mai tambayarsa nasaba.

Malam Tanimu:
Tunda an ambaci 1746. Ewen Macpherson na Cluny ya karɓi muƙamin soja a ɓangaren gwamnati, sai 'yan tawayen Yarima Charles Edward Stuart, mai neman maido wa gidansu sarautar Birtaniya, suka kama shi a watan Agusta na 1745, ya juya ya bi su da mutanensa. Sun yi faɗa a Clifton a Disamba, sun yi a Falkirk a Janairu, amma ba su iso yaƙin Culloden, inda aka murƙushe tawayen, ba sai bayan an gama, ranar 16 ga Afrilu 1746. Sojoji suka ƙone gidan Cluny, aka ƙwace ƙasarsa, aka sa fam 1,000 a kansa. Shekara tara yana ɓoye a cikin ƙasarsa, har da maɓoyar nan ta dutsen Ben Alder, mutanensa sun san inda yake, ba wanda ya sayar da shi. A 1755 ya tsere Faransa, ya rasu a Dunkirk a 1764. Ɗansa Duncan a ɗakin busar da hatsi aka haife shi saboda ba gida, kuma shi aka mayar wa ƙasar a 1784. Daga baya bashi ya cinye ta, aka sayar a 1943.

Shi alƙalin da Sagir ya ambata, Sir William Macpherson, mai rahoton 1999, shi ne shugaban dangi na 27, ya rasu a 2021. Nasabarsa a rubuce take, kotun Lyon ta amince da ita. Gidan tarihin dangin yana Newtonmore tun 1952.

Sagir:
To gwamnanmu fa? Yaya za a gane ko daga Badenoch kakanninsa suke?

Malama Rabi:
Ƙanena, da takarda ake ganewa, kuma daga ƙasa ake hawa sama. Wanda ya fara daga Cluny yana gangarowa don ya iske mutuminsa, abin da yake so shi zai gani.

An haifi Sir John a Edinbara a 1898. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati ta fara a Sikotlan ranar 1 ga Janairu 1855, kuma tana shafin ScotlandsPeople. Duba fihirisa kyauta ne, buɗe hoton takarda ake biya. Ana sakin hoton haihuwa bayan shekara 100, na aure bayan 75, na mutuwa bayan 50, don haka tasa a buɗe take. Takardar haihuwar Sikotlan ta fi ta Ingila albarka: bayan sunan uba da sana'arsa da sunan gidan su uwa, tana ba da rana da wurin da iyayen suka yi aure. Da wannan sai ka ɗauko takardar auren, ita kuma ta ba ka sunayen iyayen ango da na amarya, ka samu kakanni huɗu a takarda ɗaya. Sai ka nemi mutuwar kowannensu, don takardar mutuwa ma tana ɗauke da sunan uba da uwar mamaci.

Nan ne dabarar take. Tsohon da ya rasu a 1860 yana da shekara 80, an haife shi wajen 1780, takardar mutuwarsa kuma za ta ambaci iyayen da aka haifa wajen 1750. Ka ga ka tsallaka shekara ɗari kafin fara rajista. Sai dai ka dubi wanda ya kai rahoton mutuwar. In ɗa ne ko matar mamaci, da dama-dama. In maƙwabci ne ko suruki, sunan uwar mamaci sau da yawa kame-kame ne.

In ka yi sa'a wani a gidan an haife shi a 1855 cif, ka tsinci dami a kala. A shekarar nan kaɗai an rubuta shekarun iyaye, da garin da aka haife su, da yawan 'ya'yan da suka haifa a baya, rayayyu da matattu. Masu rajista suka koka da yawan aiki, aka rage daga 1856. Ranar auren iyaye ma an cire ta daga 1856 zuwa 1860, aka dawo da ita a 1861. In mutuminka ya faɗa cikin shekarun nan biyar, nemi takardar ƙaninsa.

Hajiya Binta:
Yaya Rabi, ƙidaya fa? Tana da amfani a nan?

Malama Rabi:
Ita ce za ta amsa tambayar Sagir kai tsaye. Daga 1851 ƙidaya tana faɗin gundumar da aka haifi kowane mutum da dangantakarsa da maigida. In ka ga Macpherson yana zaune a Edinbara amma an rubuta Laggan ko Kingussie ko Alvie a gurbin haihuwa, to ɗan Badenoch ne. In ka ga Sleat, na Skye ne. Ta 1841 kuwa a yi hattara da ita: ba ta faɗin dangantaka, ba ta faɗin gari sai dai ko a lardin aka haife shi ko a'a, kuma duk wanda ya haura 15 an zaftare shekarunsa zuwa biyar ɗin da ke ƙasa. Mai 44 za ka gan shi 40. Ana iya duba su har ta 1921.

Wajen rubuta suna a akwatin bincike, sa alamar tauraro: M*PHERS*. Magatakarda sun rubuta shi McPherson, M'Pherson, McFerson da wasu siffofi, wani lokaci iri biyu a shafi ɗaya; mai F ɗin sai ka neme shi daban. Maganar nan da ake yi wai Mac na Sikotlan ne Mc na Ailan, ba ta da tushe. Mc gajarcewa ce kawai. Mata kuma a tsofaffin takardun Sikotlan da sunan gidan ubansu ake rubuta su ko bayan aure, don haka matar Macpherson ka neme ta da sunanta na budurci.

Dakta Isa:
Malama ta kai mu 1855 lafiya. Bayan nan ne gizo ke saƙar. Abin da ya rage rajistocin coci ne. Mafi tsufa a ƙasar na 1553 ne, amma na Badenoch sai a ƙarni na 18 suka fara, na Laggan ma sai can ƙarshensa. Kuma da giɓi. Daga 1783 zuwa 1794 an sa harajin kwabo uku a kan kowace rajista, talakawa da yawa suka ƙi zuwa. A 1843 cocin ƙasar ya rabe, mutanen tsaunuka da dama suka bi Free Church, 'ya'yansu ba sa cikin littafin tsohon coci. Katolika ma nasu littafin daban.

Sannan ga masifar sunaye. Al'adarsu ɗan fari a sa masa sunan kakansa na wajen uba, na biyu kakansa na wajen uwa, na uku sunan uban. 'Yar fari kuma sunan kakarta ta wajen uwa. In mutum mai suna John ya haifi maza biyar, kowanne zai haifi John, sai ka iske John Macpherson biyar sa'o'in juna a gunduma ɗaya. Kuskuren da ya fi yawa a bishiyoyin nasaba na intanet ke nan: an ga suna ya dace, shekara ta yi kusa, an liƙa. Abin da ke raba su shi ne sunan gona ko ƙauyen da aka rubuta a gefen uban, da sunan gidan su uwa, da shaidun baftisma. In biyu daga ciki ba su dace ba, ba mutuminka ba ne. Bayan coci sai littattafan hayar gonaki na gidan Gordon, da takardun ƙasashen da aka ƙwace bayan 1746, duk suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Edinbara. A nan ake ganin wa ke noma wace gona.

Nafisa:
Baba Dakta, inda takarda ta tsaya gwajin DNA yakan ɗan ƙara taku, amma sai an zaɓi wanda ya dace. Gwajin gama-gari da aka fi tallatawa ba ya wuce kakanni biyar ko shida, bai isa ƙarni na 15 ba. Na ƙwayar Y ake so, wadda ke bi daga uba zuwa ɗa kamar yadda sunan ke bi, don haka namiji mai amsa sunan ne zai ba da samfur. FamilyTreeDNA na da mai alamomi 37, da mai 111, da Big Y-700. Mai 37 ya isa ya nuna cewa mutum biyu ba su haɗa kaka ba. Tabbatar da kusanci da ƙiyasta zamanin kakan sai da babban. Kuma a gwada mutum biyu daga rassa masu nisa na gida ɗaya kafin a yanke hukunci, don layin yakan tsinke ba a sani ba: ɗan da aka haifa ba aure ya ɗauki sunan uwarsa, agola ya ɗauki na mijin uwa, manomi ya ɗauki na mai ƙasar da yake zaune a kai.

Alhaji Ɗanjuma:
'Yata ta faɗi gaskiya, kuma canjin suna a can ba abin kunya ba ne. George Macpherson na Invereshie ya gaji ƙasar Ballindalloch a farkon ƙarni na 19, ya koma Macpherson-Grant. Sunan MacGregor kuwa haramta shi aka yi a 1603, ba a ɗage haramcin ɗungurungum ba sai 1774, masu shi suka ɓuya a ƙarƙashin Campbell da Murray da Drummond. Haka jerin nan na sunayen da ake cewa rassan Macpherson ne, su Clark, Gillies, Gow, Smith, Murdoch, Pearson, Currie. Smith maƙeri ne, kowane gari da nasa. Pearson a Ingila yawanci ɗan Piers ne. Currie da yawa daga gidan mawaƙan MacMhuirich suke, waɗanda suka yi wa MacDonald hidima, sunan kakansu ne kawai ya yi kama. Cattanach ne kaɗai a jerin ke nuna Chattan da kansa.

Hajiya Binta:
Baƙaƙen fatar Jamaika masu amsa McPherson fa? Suna da yawa.

Malama Rabi:
Hanyoyi biyu ne, Hajiya. 'Yan Sikotlan sun cika gonakin rake na Jamaika a matsayin masu gona da masu kula da bayi da akantoci. Wasu sun haihu da bayi mata, wasu bayin kuma sunan mai gona ko wani Bature na kusa suka ɗauka lokacin baftisma ko bayan 'yanci. Takardun da ake dubawa su ne rajistocin bayi, waɗanda na Jamaika suka fara a 1817, da kundin da Jami'ar UCL ta Landan ta haɗa na waɗanda aka raba wa diyyar fam miliyan 20 bayan dokar 1833. Ƙwayar Y ce ke raba hanyoyin biyu. Irin haka ta faru kusa da mu: iyayen mahaifin Herbert Macaulay Yarabawa ne da aka 'yanto daga jirgin bayi aka sauke a Saliyo, a can suka samu sunan nan na Sikotlan.

Sagir:
Na gode ƙwarai iyayena. Ƙaramar tambaya ta ƙarshe: in na sa M*PHERS* da John da 1898, ai za su fito da yawa. Yaya zan ware nasa ban ƙone kuɗina ba?

Malama Rabi:
Cikakken sunansa John Stuart Macpherson, fihirisar shekarun nan kuma tana nuna suna na tsakiya, don haka rubuta John S* a gurbin sunan farko. Edinbara a lokacin an kasa ta gundumomin rajista da yawa, su St George da St Giles da Newington da Canongate, saboda haka zaɓi birnin gaba ɗaya, kada ka tsaya a gunduma guda. In bai fito ba, gwada Stewart a maimakon Stuart, don magatakarda kan musanya su.